Haƙƙin Jaki a Zamanin Cinikin Fata

 

Mai girma shugaban taro, iyayenmu masu riƙe da sarauta, malamaina, likitocin dabbobi da ke cikin wannan zaure, ɗalibai, 'yan'uwa maza da mata, barkanmu da haɗuwa. Masu shirya wannan zama sun nemi in yi magana a kan haƙƙin dabbobi da kare namun daji, kuma na san wasu sun zo da tsammanin jin labarin giwa da zaki. Za mu taɓo giwa in Allah ya so, amma yawancin lokacin da aka ba ni a kan jaki zai ƙare. Na ga an fara murmushi, ba komai. Na zaɓe shi ne domin duk gardamar da masana ke yi a kan dabbobi, ta mai dukiya da ta mai tausayi da ta mai tsoron kada iri ya ƙare, a 'yan shekarun nan ta taru a gadon bayan wannan bawan Allah, kuma a kasuwanninmu ta taru.

A lardin Shandon na ƙasar Sin akwai wani gari da ake kira Dong'e, wanda ya daɗe da yin suna da wani magani mai suna ejiao. Fatar jaki ake jiƙawa, a kankare gashin, a yi ta dafa ta har ta narke ta zama danƙo, a bar shi ya daskare, sannan a yayyanka. Masu maganin gargajiyar can suna cewa yana ƙara jini, yana taimakon mata, yana jinkirta tsufa. A da abin sarakuna ne da manyan attajirai. Da arziki ya yalwata a ƙasar, ma'aikaci da ɗan kasuwa su ma suka ce sai sun ɗanɗana, har aka shiga sa shi cikin alewa da man shafawa. A daidai wannan lokaci kuma manomin Sin ya sami tarakta da babur mai ƙafa uku, ya daina kiwon jaki. Jakunan ƙasar, waɗanda suka kai kusan miliyan 11 a farkon shekarun 1990, suka yi ta raguwa har ba su cika miliyan 2 ba. Masana'antu na neman fata, a gida babu, sai aka juyo Afirka, inda kusan kashi biyu cikin uku na jakunan duniya suke. Wata ƙungiyar kula da jakuna da ke Ingila, Donkey Sanctuary, ta ƙiyasta a 2024 cewa aƙalla jaki miliyan 5.9 ake kashewa kowace shekara saboda wannan danƙo.

Maƙwabtanmu na Nijar sun riga mu jin abin a jika. A 2015 jaki 27,000 aka fitar daga ƙasar. A 2016, tun shekara ba ta ƙare ba, an fitar da 80,000, kuɗin jaki kuma ya ninka har sau uku ko fiye. Gwamnati a Yamai ta hana fitar da su a wannan shekarar, Barkina Faso ma haka. Kenya kuwa ta ɗauki wata hanyar, ta ba da lasisin mayankar jaki har huɗu. Tsakanin 2016 da ƙarshen 2018 aka yanka fiye da 300,000, kimanin kashi 15 cikin ɗari na jakunan ƙasar, sata ta yi yawa, matan karkara da ke ɗebo ruwa da jaki suka fito zanga-zanga, a 2020 gwamnati ta rufe mayankun. A watan Fabrairun 2024 shugabannin Tarayyar Afirka, a taronsu na Adis Ababa, suka amince a dakatar da yanka jaki domin fata a nahiyar baki ɗaya.

A nan gida kun san hanyar. Ranar Alhamis a Maigatari, ko ranar kasuwa a Mai'adua ko Illela, ana tara jakunan da aka koro daga ƙauyukanmu da na tsallaken iyaka, a loda su a tirela, a nufi kudu, yawanci kasuwar Ezzamgbo ta jihar Ebonyi, tafiyar kusan kilomita 1,000. Can ake cin naman, fatar kuma a shanya ta da gishiri ta kama hanyar teku, duk da cewa ɗanyar fata tana cikin kayan da hukumar kwastan ta hana fitarwa. A 2022 jami'an kwastan sun kama buhu 16 na mazakutar jakuna a filin jirgin saman Legas, za a kai Hong Kong. An kai ƙudurori Majalisar Tarayya, wani na neman a hana yankan ƙwata-ƙwata, wani na neman a tsara shi a riƙa kiwo ana fitarwa. Ku riƙe wannan bambanci, domin shi ne zuciyar maganata.

Idan ka saurari masu kukan cinikin fata a rediyo, kusan dukansu abu guda suke faɗa: jaki zai ƙare. Kuma suna da gaskiya ta fuskar lissafi. Jaka tana ɗaukar ciki kusan wata goma sha biyu, ta haifi ɗa guda, sai ya shekara biyu zuwa uku kafin ya soma aiki ko haihuwa. Babu yadda za a yi haihuwa irin wannan ta cim ma wuƙar da ke cin miliyoyi a shekara. In jaki ya ƙare, mai kai taki gona ya shiga uku, haka mai yashi, haka yarinyar da za a ɗora wa jarka a ka maimakon a ɗora wa jaki. Wannan hujja ce mai ƙarfi, ita ce ma ta motsa gwamnatoci. Amma ku lura, cikinta babu jaki ko ɗaya da aka tausaya wa. Damuwarta yawan jakuna da amfanin mutane. Shi ya sa mai cinikin fata ke da amsa a shirye: to, mu buɗe gidajen kiwo, mu riƙa haifar da su muna yankawa, iri ba zai ƙare ba, ga kuɗin waje ya shigo. In dai tsoron ƙarewa ne kaɗai abin da ke hannunka, ya gama da kai, sai dai ku yi musu a kan ko kiwon zai yiwu.

Akwai tambaya ta biyu, wadda ba ta da alaƙa da yawa ko ƙaranci. Me ke samun wannan jakin, shi ɗin nan, daga ranar da aka kwance shi daga turke zuwa ranar da aka feɗe shi? A nan cinikin fata yake da wani mugun sirri. Mai sayen sa domin nama yana lallaɓa shi a hanya, don in ya rame kuɗi sun ragu, in ya mutu an yi asara. Mai sayen jaki domin fata ba shi da wannan damuwa. Fatar wanda ya ƙoshi da ta wanda ya kwana uku bai sha ruwa ba kuɗinsu ɗaya, wanda ya faɗi a cikin mota aka tattake shi ma ana iya feɗe shi a sayar. Saboda haka kuɗin harawa da na ruwa a hanya asara ce a wurin ɗan kasuwa. Masu binciken da suka shiga mayankun jakuna a ƙasashe dabam-dabam sun ba da rahoton jakuna masu karaya, da masu ciki, da waɗanda ake buga wa guduma a ka a gaban 'yan'uwansu. Ko da jakunan duniya sun kai yawan tururuwa, wannan tambaya tana nan daram.

Turawa sun daɗe suna kokawa da waɗannan tambayoyi biyu. A 1789 wani masanin Ingila, Jeremy Bentham, ya kawo ra'ayin cewa abin da ke sa a kula da halitta shi ne tana jin zafi, ko tana da hankali ko ba ta da shi. A 1822 majalisar Ingila ta yi dokar hana zaluntar dabbobin gida, jaki na ciki, bayan shekara biyu aka kafa ƙungiyar hana zaluntar dabbobi. A 1975 Peter Singer, mutumin Ostareliya, ya ɗauko maganar Bentham ya kai ta nesa, ya ce zafin dabba da na mutum, in girmansu ɗaya, nauyinsu ɗaya a ma'auni. A 1983 Tom Regan na Amurka ya wuce nan, ya ce dabba tana da haƙƙin ranta, bai halatta a mallake ta ko a yi amfani da ita ba ko da cikin lallashi. A ɗaya gefen kuma ga masu kare daji, waɗanda idonsu ke kan iri da muhalli, ba kan ɗaiɗaikun dabbobi ba. Mutane kan ɗauka duk jirgi ɗaya ya kwaso su, alhali sau da yawa ba sa ga maciji.

Jaki ne ma ya fi nuna wannan saɓani. Turawa sun kai jakuna Ostareliya a ƙarni na 19 domin dako. Da mota ta zo aka sake su a daji, suka yaɗu, suna cinye ciyawa suna ɓata mashaya. Hukumomin yammacin ƙasar suka shiga harbinsu daga jirgi mai saukar ungulu, an kashe dubu ɗaruruwa. Har wata dabara suka ƙirƙiro: a kama jaki guda, a ɗaura masa na'ura a wuya, a sake shi. Da yake jaki ba ya son zaman kaɗaici sai ya nemi garke, jirgi ya bi sawun na'urar ya harbe garken duka, a bar shi da rai ya je ya nemo wani. Da sunan kare muhalli ake wannan. A Amurka kuwa, a ƙarshen shekarun 1970, hukumar gandun daji ta shirya harbe jakunan da ke cikin kwazazzabon Grand Canyon, sai masu tausayin dabbobi suka tara kuɗi suka kwashe fiye da 500 da jirgi, ana ɗaga su ɗaya-ɗaya a cikin raga. Wancan ya ceci ƙasa ya kashe jaki, wannan ya ceci jaki da kuɗin da zai gina asibiti. Kowane ɓangare yana ganin ɗayan bai da kai.

Mu ma muna da namu. A Kure, kimanin kilomita 60 daga Yamai, raƙuman dawa irin na Afirka ta Yamma sun ragu har suka koma 49 a 1996. Aka hana farautarsu, aka jawo mutanen ƙauyukan cikin aikin, cikin shekara ashirin da 'yan kai suka haura 600. Nasara ce babba. Amma raƙumin dawa yana cin wake a gona yana tsinke mangwaro, kuma manomin da aka yi wa ɓarna ba ya da izinin ɗaga masa hannu. A Yankari ta jihar Bauchi, inda ɗaya daga cikin garkunan giwa na ƙarshe a Najeriya yake, giwa kan fito ta share gonar mutum cikin dare guda. In ka ce wa wannan manomi giwa dukiyar duniya ce, yana da ikon ya tambaye ka dalilin da ya sa shi kaɗai ke biyan kuɗin kiwonta. Ni ina tare da masu cewa a kare giwa, kuma ina tare da manomin a kan cewa kare ta ba tare da biyan diyya ba zalunci ne da aka sa wa riga mai kyau.

To, ina jaki ya faɗa a cikin wannan rabo? Ba naman daji ba ne, don haka dokar gandun daji ba ta san da shi ba. Kakansa na jeji, wanda aka fara horarwa a gabashin Afirka wajen shekara 7,000 da suka wuce, yana nan 'yan ɗaruruwa a Habasha da Eritiriya, shi ake rubuta wa rahoto. Ba kuma dabbar yanka ba ce a wurinmu, tunda an haramta naman jakin gida tun ranar yaƙin Haibara, don haka sarkin pawa bai da hurumi a kansa, malamin duba nama ma haka. Ba a biya masa jangali ba. Dabbar da ta kai kanwa Gwanja ta dawo da goro, wadda fatake suka gina arzikin birane a kanta, wadda muka san launukanta har muka raɗa musu suna, auraki da duna da idabari, ita ce babu ofishin da ke da kujerarta.

Yanzu zan faɗi abin da ba lallai ya yi wa kowa daɗi ba. Wahalar jaki ba Sinawa suka kawo mana ita ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Duk wanda ke cikin zauren nan ya taɓa ganin jaki da gyambo a gadon baya, an ɗora akumari a kan gyambon, an ɗora mangala a kan akumarin. Kun ga wanda dabaibayi ya ci masa ƙafa har fata ta tsage. Kun ga yaro da sanda yana dukan kunne da ido, manya na zaune a inuwa babu mai tsawatawa. Kun ga wanda aka tsaga wa hanci wai don ya sha iska, da wanda aka yi wa lalas da wuta a matsayin magani. Kun ga amalanken da aka cika da bulo har ƙafafun jakin na rawa a kan kwalta da tsakar rana. Duk wannan yana faruwa tun kafin mu ji sunan wancan danƙo. Ranar da baƙo ya zo da kuɗi yana neman fata, ya tarar da mutanen da suka riga suka saba ganin jaki a matsayin abin da ba ya jin ciwo, sai ciniki ya faɗa cikin sauƙi.

Abin takaicin shi ne muna da abin da za mu hana kanmu da shi, a cikin littattafan da ake karantawa a zaurukanmu. Ba na bukatar in tuna wa malamai hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ko na wanda aka gafarta wa saboda ya shayar da kare, ko na raƙumin da ya kai ƙarar ubangidansa wurin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a kan yunwa da yawan aiki. Akwai ma wanda ya shafi jaki kai tsaye, inda Annabi ya ga an yi wa wani jaki lalas a fuska ya la'anci wanda ya yi. Waɗannan mun san su, muna jin su a wa'azi, muna girgiza kai. Abin da ba mu cika faɗa ba shi ne malaman fiƙihu sun mayar da su hukunci. A cikin Muhtasar na Shaihu Halil, wanda alƙalan ƙasar nan suka yi ɗaruruwan shekaru suna shari'a da shi, ciyar da dabba wajibi ne a kan mai ita in babu makiyaya. In ya ƙi, a sayar da ita ko yana so ko ba ya so. Haka hukuncin yake in ya riƙa ɗora mata aikin da ya fi ƙarfinta. Izzuddin ɗan Abdussalam, wanda ya rasu a Masar a 1262, ya jera haƙƙoƙin dabba a kan mutum, a ciki har da ci gaba da ciyar da ita ko ta tsufa ko ta yi ciwo ta daina amfani, da kada a haɗa ta da abin da zai cutar da ita, da kada a yanka ɗanta tana kallo. Fiye da shekara ɗari biyar ke nan kafin majalisar Ingila ta yi tata dokar.

Ku dubi inda wannan matsayi ya tsaya. Bai bi Regan ba, domin ya yarda a mallaki dabba, a hau ta, a yi noma da ita, a yanka wadda ake ci. Bai bi Singer ba, domin bai daidaita zafin mutum da na dabba ba. Amma kuma bai yarda da mai cewa dukiyata ce, in ga dama in ƙona ta ba. Mallaka ce mai sharaɗi, wadda alƙali ke iya ƙwacewa. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ni a ganina wannan ya fi dacewa da ƙasar da miliyoyin mutane ke rayuwa da guminsu da na dabbobinsu, domin ra'ayin da ke cewa a saki dukan jakuna su huta, a ƙarshe wuyan mata da yara zai ɗauki kayan. Dokar zamani ma ba ta yi shiru ba. Final Kod ta Arewa tana da sashen da ya haramta zaluntar dabba, Kudu ma suna da sashe na 495 a dokarsu ta laifuffuka. Ina roƙon lauyoyin da ke nan su gaya mana, in an tashi, sau nawa suka ga an gurfanar da mutum a kansa.

Na san abin da wani zai ce, kuma ba zan raina shi ba. Zai ce Malam, mutane na kwana da yunwa, 'yan bindiga sun hana noma, yara na mutuwa a asibiti don babu jini, kai kuma ka tara mu kana maganar jaki. Zai ƙara da cewa wanda ya sayar da jakinsa ga mai fata ba mugu ba ne, matarsa ce ke naƙuda, ko hatsi ya ƙare a watan Yuli, kuma mai fata ne ya fi kowa tayi. Duk gaskiya ne. Ba na zargin wannan mutum, kuma duk dokar da za ta kama shi ta ƙyale mai tirela da mai kwantena dokar banza ce. Sai dai talauci yana bayyana dalilin sayarwa, ba ya bayyana dalilin hana ruwa kwana uku a mota, domin mai motar ba talaka ba ne. Ba ya kuma bayyana dukan ido, domin rashin duka kyauta ne. Tsumman da za a shimfiɗa ƙarƙashin akumari, da rage bulo goma daga amalanke, da kwance jaki a inuwa tsakanin azahar da la'asar, babu wanda talauci ya hana. Likitocin dabbobi za su gaya muku jakin da ake kula da shi yana iya haura shekara 25, na aiki a ƙasashe irin namu kuwa da yawa ba sa kai rabin haka. Mai jaki ne da kansa ke asarar waɗannan shekaru.

Sannan wanda cinikin ya fi cuta shi ne talakan da ake fakewa da shi. Ya sayar yau da tsada, damina ta zo yana neman wani, ya tarar kuɗin ya fi ƙarfinsa, domin yanzu da masana'antar Shandon yake takara a kara. Wanda bai sayar ba kuma ɓarawo ya kwance masa da dare, da safe a tsinci gangar jikin a bayan gari babu fata.

Game da dakatarwar Tarayyar Afirka, ina goyon bayanta, amma takarda ce aka sa wa hannu a Adis Ababa, kuma iyakarmu da Nijar ta fi kilomita 1,400. Nijar ta hana tun 2016, jakunanta ba su daina bayyana a Maigatari ba. Inda abin zai yi tasiri shi ne kara. Kowace kasuwar dabbobi tana da shugabanni, tana da dillalai waɗanda suka san wane ne baƙo, wane ne mai gida, wace dabba ce ta sata. Akwai ƙungiyar direbobi da ke karɓar kuɗin lodi a kan kowace mota. Mutanen da ke iya hana mota tashi saboda ba a biya kuɗin ƙungiya ba, suna iya hana ta tashi saboda an cusa jaki a kan jaki, ko an loda mai ciki, ko babu shaidar inda aka samo su. Hukumomin Hisba da ke jihohinmu ma, in suka duba tarihin aikinsu, za su tarar lura da lodin dabbobi yana cikin ayyukan muhtasibi tun asali. Iyayenmu sarakuna, wannan yana hannunku fiye da yadda yake hannun Abuja.

Saura mas'ala guda, wadda ita ce ta fi ba ni wuya, kuma ina so malamai su tafi da ita. Jaki ya tsufa, haƙora sun zube, ba ya iya ɗaukar kaya. Sa in ya tsufa a kai shi mahauta, kowa ya amfana. Jaki ba a ci. Abin da aka saba yi shi ne a kore shi, ya riƙa yawo a juji yana cin leda, yara na jifa, har ya faɗi. Fiƙihu ya ce ka ciyar ko a sayar. To yau wa zai sayi tsohon jaki in ba mai fata ba? Hukuncin da aka yi domin a ceci dabba daga mai yunwatar da ita, a wannan zamani yana iya miƙa ta ga tirelar Ezzamgbo. Mai fata ma yakan kafa hujja da haka, ya ce shi yana rage wa tsofaffin jakuna wahala ne, kuma in aka kwatanta da mutuwar juji, maganarsa ba ta rasa ƙamshin gaskiya, da a ce tsofaffi kaɗai yake saya, da a ce kuma yana shayar da su a hanya.

Magabata sun bar mana hanyoyi biyu. Malaman Malikiyya sun halatta a yanka dabbar da ba a ci, kamar jaki ko alfadari, idan an fid da rai da ita, domin a hutar da ita. Wannan aiki ne da likitan dabbobi na ƙaramar hukuma zai iya yi cikin minti kaɗan, a garin da jakin ya yi bauta, ba tare da tafiyar kilomita 1,000 ba. Hanya ta biyu waƙafi ce. Masu tarihi sun ambaci wani fili a Dimashƙa da aka yi waƙafinsa domin dabbobin da suka tsufa masu su suka sallame su, su yi kiwo a ciki har ajalinsu ya zo. Muna da attajirai masu gina masallaci a unguwar da ke da masallatai uku, kuma jihohinmu da dama suna da hukumomin zakka da waƙafi. Fili mai shinge a gefen makiyaya, da rijiya, da mai gadi guda, da harawar rani, kuɗinsu bai kai na hasumiya ɗaya ba. Ina roƙon malaman da ke nan su duba mana ko waƙafi irin wannan ya inganta a mazhabarmu da sharuɗɗansa, likitoci kuma su lissafa mana abin da tsohon jaki guda ke ci a wata, domin a zama na gaba mu zo da adadi a hannu mu kai wa masu hali.

Shugaban taro, na ga ana nuna mini agogo. Ina sauraron tambayoyi.